Jan Ƙyallen Kabewar Iya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini kai da toka, da abin da na tafka a ƙarshen hutun shekarar da na ci bak, jarabawar gama sakandare. Tun ranar da sakamako ya fito nake yawo a Diffa kamar ni na gina garin. Ni ne na farko a gidanmu da zai tafi jami'a a Yamai, Baba kuma ya cika alkawari ya saya mini salula, ƴar ƙarama mai tocila a ka. Lokacin rezo, wato layin waya, bai daɗe da shigowa garin ba, in ka zaro salula a fada, majalisarmu ta hira, har mai dafa shayi sai ya daina fifita gawayi ya leƙo. Ni kuwa na ƙware. Ina iya rubuta mesaj hannuna na cikin aljihu, ina kallon mutum ido cikin ido ina ce masa "to, to". (Ku riƙe wannan "to, to" ɗin, shi ya kashe ni.)

Ana cikin haka, lokacin kaka ya shigo, sai Kawu Mamadu ya kawo Iya, mahaifiyar Baba, daga ƙauyenmu can wajen Geskeru don a duba mata gwiwa a likita. Sun zo da tsaraba, tattasai da busasshen kifi da wasu ƴan ƙananan kabewa da Kawu ya saya wa Mama a hanya. Sai kuma wata ƙatuwa guda, mai dogon wuya, wadda Iya ta rungumo a cinya tun daga ƙauye, an ɗaura mata jan ƙyalle a kara.

A wajenmu in ka ga kabewa da ƙyalle, ta iri ce. Mai ita kaɗai ke yanka ta, ran da ta ga dama, ta fidda ƴaƴan ta shanya ta adana sai shuka. Wannan kuwa ba iri ba ce kawai. Uwar Iya ce ta ƙulla mata ƴaƴan irin wannan kabewa a bakin zane ranar da za a kai ta ɗakin miji, tun daga nan kowace shekara Iya ke shuka ta a gefen gonar tattasai. Gari gare ta kamar dankali, ba ta ruwa-ruwa irin ta kasuwa. To a shekarar kogi ya cika ya kwanta a gonar, duk yaɗon ya ruɓe, iri kuma an riga an shuka shi kaf. Guda ɗaya ta tsira, don yaɗonta ya hau rumfa. Shi ya sa Iya ta ƙi barin ta a ƙauye, ta ce ba ta yarda da awaki ba, ba ta yarda da jikoki ba.

Duk wannan labarin Iya da bakinta ta ba ni, ba aike ta yi ba. Tana zaune a tabarma, ina tsugune gabanta, ta dafa kabewar ta ce, "Maigida, ka gan ta nan, ko kai da kake mijina ban yarda ka taɓa ta ba." (Haka muke wasa da ita, ni maigida ita amarya.) Na ce to, to. Hannuna na aljihu ina rubuta wa Falmata, ƴar ajinmu, cewa ta yi kyau a hoton da muka ɗauka ranar sakamako. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Daga baya ne Mama ta maimaita mini shi, da ƙarin nata.

Maƙwabciyarmu Tanti Monik, Kirista ce daga Dosso, mijinta ma'aikacin gwamnati. Na je yi mata sallama sai ta zubo mini wani abu a faranti, kabewa gasasshiya da albasa da ganye, an yayyafa soyayyun ƴaƴan kabewa a sama, yana ɗan tururi. Na tambaye ta mene ne, ta ce salati ne mai ɗumi, a wata mujallar Faransa ta gani. Salati da ɗumi. Nan take na ji na riga na isa Yamai. Ta yi mini bayanin yadda ake yi, wannan karon na saurara tsaf, don abin da ya shafi burga ba na wasa da shi. Kafin in fita daga ƙofarta ƴan fadarmu duka sun samu mesaj: Asabar bayan la'asar, ƙofar gidanmu, fet, wato walimar ban kwana, shef da kansa zai shiga madafa. Na Falmata na tura daban, da ƙarin kalmomi.

Ranar Asabar Baba da Mama suka tafi da Iya likita tun da hantsi, gida ya zama nawa. Na shiga ɗakin ajiya na kalli ƴan kabewar Mama, na ga ba su dace da mai bak ba. Ga ƙatuwa a lungu tana kallona. Na ɗauko ta da ƙyar. Jan ƙyallen na kwance, na ga ya yi kyau, na zura shi a ƴar hudar salula na ƙulla, ya zama ado. (Na san abin da kuke tunani. Ni ma yanzu shi nake tunani.)

Na yi aiki, kada ku raina ni. Na aro wayar gashi wajen mai nama na bakin titi, na hura gawayi. Na fere kabewar na yayyanka, na shafa mata man gyaɗa da gishiri da garin tattasai, na jera a wuta har gefenta ya yi ja ya soma baƙi-baƙi. Na gasa albasa, na dafa zogale sama-sama, na matse lemun tsami, na farfasa cuku a madadin wani cukun Turawa da Tanti ta ambata. Ƴaƴan kuwa, waɗanda suka fito da sauƙi na wanke na zuba a kasko na soya da gishiri har suna tsalle. Sauran da suka manne a hanjin kabewar na ji ƙyuyar tsincewa, na kwashe na watsa a bokitin da Mama ke tara ƙanzo da dusa don akuyarta.

Na yi wanka, na sa farar shat da wandon jin da nake ajiyewa don ranar tafiya, na fito da babban tire.

Bukar, babban abokina kuma babban maƙiyin mutuncina, ya leƙa tiren ya taɓa da yatsa. "Kai mek, wannan salati ne ko miyar taushe ce ta faɗi jarabawa?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a kai shi firijo ya huce tukuna, wani ya tambaya ina tuwon. Amma da suka sa hannu sai surutu ya ragu. Tanti Monik ta ɗanɗana ta ce nata ma bai kai wannan ba, a ina na samo kabewa haka? Na ce sirrin shef ne. Falmata ta ƙara faranti na biyu, tana tsintar soyayyun ƴaƴan ɗaya-ɗaya tana ci. Ni a lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai ga su Baba sun dawo. Mama ta gaisa da mutane ta shige ciki, Iya kuwa ta tsaya hutawa a bencinmu, tana dogara sanda. Ni da rawar kaina na zubo mata, na durƙusa gaban kowa na ce, "Amarya, ga girkin maigida."

Ta ce to bari ta gani ko zan iya riƙe ta. Ta kai loma ɗaya. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ɗan kabewa soyayye ta juya shi a tafin hannu. A daidai nan salulata ta yi ƙara, na zaro ta, jan ƙyalle na lilo.

Iya ba ta kalli fuskata ba, ƙyallen ta kalla.

"Maigida, duka ka soya?"

Ban gane ba. Sai da na ga Baba ya dafa kai, sannan wani abu ya soma dawo mini daga nesa, tabarma, hannun Iya a kan kabewa, ni ina to, to. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta aje farantin a gefe ta ce, kamar da kanta take magana, "Uwata ce ta ba ni." Falmata da ke da ɗan kabewa a baki ta rasa ko ta haɗiye ko ta tofar.

Ƙyuyata ce ta faɗo mini a rai. Na ce bokiti, akwai saura a bokitin dusa. Na ruga ciki na yi karo da Mama tana wanke hannu, na tambaye ta bokitin, ta ce ai shigowarta ke nan ta aje wa akuya, tun safe ba ta ci komai ba.

Akuyar Mama baƙa ce, mai shayarwa, kuma ba ta da mutunci ko a ranar da ta ƙoshi. Na tarar da kanta cikin bokiti har wuya. Na tsallaka garken na kama ƙahonta na ja, ta ja. Na sa hannu ɗaya cikin ruwan ƙanzo ina lalube, na damƙo hanjin kabewa, ita kuma ta kama ɗaya gefen da haƙora. Muka tsaya muna ja-in-ja, ni da bak ɗina, ita da ƴaƴanta biyu suna mata kuka a baya. Da na ga tana haɗiyewa sai na cusa yatsu a bakinta ina cewa tofo, tofo, kamar tana jin Hausa. Ta sake ni, ta ja da baya, na ɗauka ta sallama. Ina sunkuye a kan bokiti ta zo ta baya ta ba ni guda ɗaya. Na tafi gaba, bokiti ya kife a ƙirjina, na zauna daɓas a cikin kashin awaki, salula ta zame daga aljihun shat ta faɗa cikin dusar da ta rage.

Da na ɗaga kai sai na ga fadar gaba ɗaya ta biyo ni cikin gida. Sun jeru a bakin garke, Tanti Monik ta toshe baki da gyale, Falmata har yanzu da faranti a hannu. Bukar ya dunƙule hannu a baki kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo yana cewa akuya ta ci ɗaya, shef ba ko ɗaya, amma shef na riƙe da ƙwallo. Da gaske kuwa ina riƙe da shi. Hannuna na dama na sama, cike da hanjin kabewa, ban bari ya taɓa ƙasa ba.

Haka na taka zuwa gaban Iya, dusa na ɗiga daga haɓata. Ta sa aka kawo faifai da ruwa, ta zauna tana tsince ƴaƴan, tana matsa kowanne da farce. Na banza ta jefar, waɗanda akuya ta tauna ta jefar. Abin da ya rage bai rufe tsakiyar tafin hannunta ba. Ta shanya su, ta sa aka tsamo salulata aka buɗe ta aka shanya a gefensu, faifai ɗaya. Na tambaye ta da ƙaramar murya ko za su fito. Ta ce ita ba ta sani ba, ƙasa za a tambaya.

Salula ta tashi bayan ta sha rana, sai dai ta daɗe tana warin ƙanzo in ta yi zafi. Na tafi Yamai da wannan abu a wuya. Duk abincin da na gani da kabewa a ciki sai in ture farantin. Na yi ta tura mesaj ga wani mai butik, wato kanti, a ƙauyenmu, wanda sai ya hau tudu yake samun rezo, ina roƙon ya tambayo mini Kawu. Amsa ɗaya ce kullum, an shuka kaɗan a bakin hanyar ruwan tattasai don gwaji, ana jira.

Wata rana muna tsakiyar darasi, aji cike, na ji salula ta yi motsi a aljihu. Na leƙa a ƙarƙashin tebur. "Iya ta ce a gaya wa maigida sun fito, har sun yi ganye. Ta ce ta yafe maka. Ta ce in sun yi ƴaƴa akuya za a fara kai wa, don ita ta bar saura." Ban san lokacin da na miƙe na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Malamin ya cire tabarau ya tambaya ko na gano wani abu ne a darasin da shi bai gano ba. Na ba da haƙuri na zauna, bakina ya ƙi rufuwa har aka tashi.

Irin yana nan har yau, duk shekara sai an ɗaura wa guda ƙyalle, kuma in na je ƙauye sai an ɗauke ta an kai ɗaki an kulle a gabana, da gangan. Falmata ta daɗe tana kirana Shef Akuya, Bukar bai daina ba. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta dafa abu tana maka magana, fiddo hannunka daga aljihu. Salati mai ɗumi kuwa har gobe ina yi, kuma yana daɗi, sai dai kafin in sa wuƙa sai na zagaya gida na tambayi kowa, har yara, ko kabewar nan ta uwar wani ce.