Barmo da Ruwan Motar Ungozoma

A cikin duwatsun Azbin akwai wani ƙauyen masu lambu da ake kira Ƙoramar Rumman. Can ƙarshen ƙauyen, inda hanya ta ƙare, nan gidan Barmo yake. Su uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa Iya Hajo mai baki kamar barkono, da matarsa Tabawa. Barmo ƙato ne, ba ya ƙarya, ba ya mantuwa. Aibinsa guda ɗaya ne, amma fa ya isa aibi: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka manta, to gobe ma can za ka tarar da shi, yana murmushi.

A shekarar da wannan abu ya faru Tabawa tana da tsohon ciki, kuma hankalin gidan a tashe yake. Sau biyu tana haihuwa, sau biyu ana rasa jaririn, don asibiti tafiyar kwana biyu ce a kan raƙumi. Ana cikin haka Allah ya kawo Malama Zinaru, wata ungozoma da ta yi ritaya a birni. Ta zo a cikin mota mai ɗaki: gado a ciki, murhu a ciki, ga tankin ruwa, ga famfo, gida dai sukutum a kan taya. Ta ce za ta zauna har sanyi ya wuce, amma ta tara mutane ta gaya musu gaskiya.

"Sanyin dutsen nan yana daskarar da ruwa," in ji ta. "In ruwa ya daskare a bututu, bututun ya fashe. In ya fashe ba ni da ruwa mai tsabta na aiki, dole in gangara birni gyara, kuma ba zan dawo bana ba. Ina son mutum ɗaya wanda ba ya manta abin da aka ce masa."

Kowa ya waiwaya ya dubi Barmo, wasu suna danne dariya. Shi kuwa gogan naka ya miƙe tsaye, ya gyara rawani, ya bugi ƙirji. Tun da aka haife shi ba a taɓa zaɓensa a gaban jama'a ba, daɗi kamar ya kashe shi. Ya dubi Tabawa, ya ce a ransa in dai ruwa ne zai riƙe ungozoma a ƙauyen nan, to ta zauna ke nan.

Wata rana Malama Zinaru ta ba shi buhun tsofaffin barguna da igiya. Ta ce, "Duk bututun da ke jikin motar nan ka naɗe shi, kada ka tsallake ko ɗaya." Barmo ya shiga ƙarƙashin mota tun hantsi, bai fito ba sai la'asar. Ya naɗe na ruwan sha, ya naɗe na ruwan wanki, ya zo kan salansa, bututun fitar hayaƙi, ya ga ai ita ce babbar yayarsu, ya yi mata ninki uku ya toshe bakin tam. Da safe Malama ta tada mota don inji ya ɗuma. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, hayaƙi ya turnuƙe, bargo ya kama da wuta. Mutane suka yo ca da ƙasa da yashi har aka kashe.

"Barmo! Wa ya ce ka naɗe salansa?"

"Ke, Malama. Goma sha huɗu ne, na ƙirga, ban tsallake ko ɗaya ba."

Malama ta duba ta rasa inda ya yi ƙarya.

Wata rana kuma da yamma ta ce masa, "Ruwa mai motsi ba ya saurin daskarewa. Na bar famfon waje yana ɗiga. Aikinka kada ɗigon nan ya tsaya." Ashe tanki ya kusa ƙarewa ba ta duba ba. Da gari ya waye ta fito da buta za ta yi alwala, sai ga Barmo tsaye ƙiƙam, leɓɓansa sun yi fari fat don sanyi, ya ɗaga tulun Iya Hajo sama da famfon yana tsiyayo ruwa a kansa, ɗis, ɗis, ɗis. Tanki ya daɗe da ƙafewa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun da nasa ya ƙare na karɓe shi. Tulu na huɗu ke nan, Malama. Ko sau ɗaya bai tsaya ba."

Allah ya taimaka bututun da ba ruwa a cikinsa ba abin da zai daskare. Amma ranar gidan Barmo ba a dama kunu ba, don ya ƙarar da ruwan gidan kaf, kuma duk ƙauyen sun ji abin da Iya Hajo ta ce game da hakan.

Wata rana, bayan an sake cika tanki, Malama ta nuna masa gefen motar ta ce, "Nan tanki yake. Ina son gefen nan ya riƙa kallon rana." Da safe lafiya lau, rana na dukansa. Bayan azahar rana ta juya, inuwa ta rufe gefen. Barmo ya dubi sama, ya dubi mota, ya girgiza kai. Ya je ya aro raƙuma biyu masu jan ruwa a lambu, ya ɗaura su a gaban mota, ya janye duwatsun da aka tare tayoyi da su. Lokacin kuwa Malama tana ciki tana awon mata uku. Sai ji suka yi ɗaki yana tafiya! Wayyo, ihu, salati, wata ta kama gado, wata ta kama Malama. Mota ta gangara a hankali ba ta tsaya ko'ina ba sai tsakiyar albasar mai gari.

Mai gari ya iso yana haki. "Kai Barmo, me albasata ta yi maka?"

"Ranka ya daɗe, rana ce ta matsa, ni biyo ta na yi. Duba ka gani, yanzu tana kallonta sosai."

Ranar dattawa suka ce a sauya shi kafin ya kashe wani. Tabawa ta sa kuka, don ta tabbata Malama za ta yi fushi ta tafi. Iya Hajo kuwa, da ita ke zaginsa safe da yamma, ta ɗaure zani ta tsaya a gabansu. "Ni na haife shi, ni kaɗai ke da ikon ce masa sakarai! A cikinku wa zai iya riƙe tulu har gari ya waye?" Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar mata Barmonta, ita ce za ta koyi magana.

Wata rana aka zo da raƙumi daga wani ƙauye a bayan dutse, wata mata na naƙuda mai wuya, kuma mota ba ta iya bin hanyar. Malama ta duba Tabawa ta ce da sauran mako guda. Ta kunna murhun gas mai ɗumama motar, ta kulle ƙofa. Tana kan raƙumi ta ji wata iska mai yanka fata ta taso daga arewa, ga motar doguwar ƙafa ce, iska na ratsa ƙarƙashinta inda tanki yake. Cikin sauri ta ce, "Barmo, toshe ƙarƙashin motar nan da duk abin da kake da shi a gida, kada iska ta shiga. Kwana biyu zan yi."

Tabɗi! Barmo ya kwaso tabarmi, ya kwaso buhunan albasa, turmi, ƙyauren ɗaki, gadon Iya, ya jera su kewaye da mota. Ya dawo ya ga akurkin kaji, ya ɗauka. Ya ga awaki tara da 'ya'yansu, ya kora su ya cusa a ƙarƙashi, ya bi su da harawa. Sannan ya tsaya a gaban Iya Hajo yana auna ta da ido.

"Iya, ke ma ina da ke a gida."

Muciya ce ta ba shi amsa. Sai ya haƙura da ita da Tabawa, amma ya tuna shi ma na gidan ne, ya rarrafa ya shige cikin awaki ya ja ƙyaure. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna toshe hanci, suna cewa wannan karon kam ya gama da kansa, motar asibiti ta zama garke.

Kwana biyun Malama suka zama huɗu. Aka yi sanyin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ruwan buta ya zama dutse, tuluna suka tsattsage, bututun injin ban-ruwa na lambuna uku ya fashe. A safiya ta huɗu naƙuda ta kama Tabawa, kuma da hantsi Malama ta iso a guje. Ta buɗe mota ta ga murhu a mace, gas ya ƙare tun tuni. Ta yi maza ta nufi famfo. Ga wari, ga kukan awaki a ƙarƙashin ƙafarta, ga Iya Hajo a bakin ƙofa tana roƙonta ta yi sauri. Ta ce bismillahi, ta murɗa famfo.

Ruwa ya zubo shaa.

Ta taɓa daɓen motar ta ji ɗumi. Ɗumin awaki tara da kaji da ƙato guda shi ya riƙe tanki kwana huɗu. Ba ta tsaya magana ba, ta tafasa ruwa a murhun Iya Hajo, ta wanke hannu da kayan aiki, ta shiga wurin Tabawa. Haihuwar ta zo da gardama kamar na baya, amma wannan karon akwai mai hannu a kusa. Kafin azahar aka ji kukan jaririya, mai ƙarfi, har lambun mai gari.

Barmo ya fito daga ƙarƙashin mota, gashin kaza a rawani, kashin awaki har gwiwa. Malama ta sa shi ya yi wanka da sabulu sau biyu, sannan ta ɗora masa 'yarsa a hannu. Bai taɓa riƙe ɗansa mai rai ba. Ƙaton nan ya fashe da kuka a gaban kowa, kuma ba wanda ya yi dariya.

"Riƙe ta da kyau," in ji Malama, "kada ka saki sai na ce."

Ta koma wurin mai jego, aiki ya sha mata kai. Maƙwabta suka zo barka suka miƙa hannu, ya ƙi. Mai gari ya miƙa hannu, ya ƙi. Iya Hajo ta ce, "Kai, ba ni jikata!" Ya ce, "Malama ba ta ce ba, Iya." Tsohuwa ta nufi ɗaki za ta kira Malama ta zo ta ce, sai Tabawa ta ɗago kai daga shimfiɗa ta riƙe mata zani.

"Iya, don Allah kada ki tuna mata tukuna. Shekara shida yana jira."