Irin Gyaɗar Malam Nomau

A wani daji can bayan duwatsu, inda gyaɗa ce kuɗi, an yi wani kurege mai suna Malam Nomau, gwanin noma, mai kunya kamar sabon suruki. Matarsa Tasallah ce ke riƙe da gida. Da an gama girbi sai ta kasa gyaɗar ƙwarya uku: ta cefane, ta magani da biki, sai ta irin shuka, wadda ko kallonta ka cika yi sai Tasallah ta haɗe rai.

Damuwar Nomau ɗaya ce, dangi. Ɗan'uwa zai shigo gaisuwa, bakinsa na tambayar iyali, idonsa na kan ƙwarya. Nomau kuwa ba ya iya cewa babu alhali ga ta ana gani. Abin na cin ransa ƙwarai.

Ran wata kasuwa, Gafiya ya hau kututture, ya gyara murya ya ce, "Jama'a, har yaushe za ku riƙa kwana da dukiya a ɗaka, gara ta ci, dangi su ci? Mun buɗe Rumbun Amana. Ku kawo ajiya, mu ba ku ganye. Duk abin da kuke so a kasuwa, ku dangwala yatsa a ganye, mu za mu biya. Ba ɗaukar kaya, ba roƙo, ba fargaba."

Maganar roƙon nan ita ta tafi da Nomau. Ya dawo gida ya hau haɗa ƙore.

Tasallah ta ce, "Malam, kai musu biyun nan, amma ka bar mini irin nan a ɗaki. Abin da ido ba ya gani yana raguwa, hannu ba ya jin tausayinsa."

Ya ce, "Ke dai ba ki waye ba, Tasallah." Ya kwashe duka ukun.

Ai kuwa Nomau ya ji daɗin duniya. Dangi suka zo suka tarar da ɗaki wayam, suka taƙaita gaisuwa. Shi kuma ya gano cewa dangwala yatsa ba ta da zafi ko kaɗan. Da can, kafin ya sayi soyayyar fara sai ya tsaya gaban Tasallah ya yi bayani kamar mai neman beli. Yanzu dangwale ɗaya, an wuce wurin. Har gyaran jela ya fara zuwa duk Laraba, shi da jelarsa ba ta taɓa sanin mataji ba.

Ruwan farko ya sauka. Nomau ya yi sammako zuwa rumbu ɗauko iri, ya tarar da layi har bakin rafi. Sai bayan azahar ya isa gaban Gafiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaryar iri na zo ɗauka."

Gafiya ya duba ganye ya ce, "Malam Nomau, mu nan ba mu san ƙwarya-ƙwarya ba, tari ɗaya muke yi. Ka ci fara, ka gyara jela, mun biya. Sannan akwai ladan ajiya, da ladan ganye, da ladan Hankaka da ke zuwa yana sanar da kai duk lokacin da muka cire lada. Saura ƙwaya bakwai. Wannan bayanin da na yi maka yanzu ƙwaya biyu ne, saura biyar ke nan."

Nomau ya waiga ya dubi hanyar gonarsa. Ga ƙasa ta jiƙu, ga gona an share, kuma in kwana uku suka wuce ba shuka, bana sai dai ya yi ƙodago a gonar wani. Ya kusa hawaye, kunya ce kawai ta hana.

Gafiya ya sassauta murya ya ce, "Haba Malam, ai don irin wannan rana muke nan. Muna da iri mai kyau, za mu ba ka bashi. Mudu ɗaya, da kaka ka dawo da biyu."

Nomau ya dangwala yatsa, ya yi godiya har ƙasa, ya saɓo buhu ya nufi gida yana shi wa Gafiya albarka.

Tasallah ta zazzage buhun a tabarma, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya, ta ɗauki wata. Ta ƙura mata ido.

Nomau ya ce, "Lafiya? Ko irin ba shi da kyau ne?"

Ta ce, "Yana da kyau mana, ni na zaɓe shi. Ka ga wannan ɗan tabon a jikin ɓawo? Haƙorina ne. Haka nake yi wa kowace ƙwayar iri shaida tun ina gidanmu."

Ta ƙirga tsaf har ƙarshe, Nomau na tsaye ya kasa zama. Sannan ta kaɗe hannu ta ce, "Gaskiya, Malam, mutanen nan akwai riƙon amana. Ko ƙwaya ɗaya ba su bari ta ɓata ba."