Bishiyar Da Ta Fi Ta Kowa Saurin Girma

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka raba mana dashen itatuwa a firamarenmu ta Kafanchan ba, ko na so in manta 'yan ajinmu ba za su bari ba. Ina aji biyar lokacin, ƙarshen shekarun tamanin. Malaminmu, Malam Bulus, ya ce hamada tana tahowa daga arewa, zafi yana ƙaruwa, duk saboda sare itatuwa. Ya ce yaro ma yana da abin yi: ya dasa bishiya ɗaya, ya kula da ita. Aka ba kowa ɗan tsiron malaina a baƙar leda, muka dasa a jere bakin filin ƙwallo. Ran bikin ƙarshen zango jami'in gandun daji zai duba, wanda tasa ta fi kyau ya karɓi kyauta a gaban iyaye.

Ni 'yar kwatas ɗin reluwe ce. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Mamana tana sayar da abinci a tasha, ban taɓa riƙe fartanya ba sai ranar. Yawancin 'yan ajinmu kuwa tun suna goye ake zuwa gonar citta da su. Amma ni nake zuwa ta ɗaya a aji, don haka na ɗauka ko a shuka ni zan koya musu (da kun ga tafiyata a lokacin, sai ku ce ni na kawo boko garin).

Ƙawata Saraya ta ce in kewaye tawa da ƙaya saboda awaki. Na ce mata taki bishiya take so, ba shinge ba. Na kwaso shara daga jujin bayan kicin ɗin Mama na jibga a gindinta, muka tafi hutun rabin zango.

Da muka dawo na tarar tsiron ya gajarce, amma ganyensa kore shar. Na ce sabon toho ne. A ranar na sa ƙayar, a ɓoye, don kada Saraya ta ce ai ta faɗa. Daga nan abu ya kama girma ba ji ba gani. Ta kowa iya gwiwa, tawa ta kai mini ƙugu. Na dinga zagaya bishiyoyin mutane ina cewa, "Ku sa taki mana, ku daina ƙyuya." Sai su kalli juna su sunkuyar da kai. Sau ɗaya Saraya ta ce, "Ke, kin duba ganyen nan da kyau kuwa?" Na ce hassada ce ke damunta, ba ta ƙara ba. Malam Bulus kuma ya tafi kwas, bai dawo ba sai dab da biki. Bishiyata ta yi fure rawaya, ta fitar da 'ya'ya dogaye masu tsini. Sun yi mini kama da wani abu da na sani, amma na ce haka 'ya'yan malaina suke.

Ran biki Baba ya nemi izini a wurin aiki, ya sa kwat, bayan ya gama shelanta wa abokansa cewa 'yarsa za ta karɓi kyauta. Kowa ya tsaya kusa da bishiyarsa. Da jami'in ya iso wurina sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya mayar. Na ɗauka mamakin ƙoƙarina yake yi, na ɗaga murya na fara jawabin da na haddace: "Wannan bishiya za ta ba jikokinmu inuwa, za ta tare hamada..."

Sai ga Mama ta kutso daga cikin iyaye, da muryar nan tata ta kiran masu saye a tasha. "Ah-ah! Wannan ai kuɓewa ce! Dubi, ta kusa tsufa ma!" Kafin in ce wani abu ta tsinke 'ya'yan kaf, ta ƙulle a bakin zaninta.

Filin ya ɗauki dariya, har da hedimasta. Jami'in ya ce, "Yarinya, hamada dai ba za ta tsaya ba, amma za a sha miya." Baba ya zuba wa takalminsa ido. Ni kam na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na fashe da kuka. Daga baya Saraya, wadda ta ci kyautar, ta ce akuya ta cinye malainata tun farkon hutu, irin kuɓewar da ke cikin sharar Mama ne ya tsiro. Duk ajin sun sani. Kullum ina cin kuɓewa, amma a tire kawai na santa.

Da yamma Mama ta yi miya da ita. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai miƙo kwano ya ce, "Ƙaro mini miyar malaina."

Bara na bi ta makarantar. Malainonin 'yan ajinmu sun zama manya, yara suna wasa a inuwarsu, sai giɓi ɗaya a tsakiyar layin kamar wawulo, rana tana dukan wurin. Yanzu idan 'ya'yana suka kawo tsiro daga makaranta, shinge muke fara yi. Kuma duk abin da na ga ya fi na kowa saurin girma, kafin in yi jawabi sai na nemi 'yar manomi ta duba mini ganyen.