Fetur Mai Oktan da Shanun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwar matata ba, ko na so mantawa ma matan gidan surukaina ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da sayen a-kori-kurata ba. Tsohuwa ce, ta sha jiki kafin ta zo hannuna, amma a idona ba ta da ta biyu a duk Haɗeja. Da ita nake kwaso shinkafa da tattasai daga gonaki zuwa kasuwa. Ana nan sai na ga wani bidiyo a waya, wai a ƙasashen waje fetur hawa-hawa ne, akwai na kowa da kowa, akwai kuma mai babbar lamba da suke kira oktan. Mu nan kuwa famfo ɗaya ne, da mai jif da mai babur duk shi suke sha. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta cigiya har wani mai sayar da kayan mota ya ɗauko mini wata 'yar jar kwalba, ya ce in na tuttule ta a tanki, fetur ɗina ya tashi daga na gama-gari. (Tsakani da Allah bai ce motar za ta yi fiffike ba, ni na ƙara wannan da kaina.)

Abokina Bukar, wanda shi ma irin motar yake ja, ya ce da ni, "Kai, raba kanka da wahala. Injin nan don man gari aka ƙera shi. Wannan abin na motocin da injinsu ke ƙwanƙwasa ne in mai bai kai musu ba, ba ƙarfi yake ƙarawa ba." Na ce masa baƙin ciki ne ke damunsa. Daga ranar da na fara zuba ta a tanki, ko totur na taka sai in ji kamar motar tana amsa mini da sabuwar murya.

To, surukina Baba Malam mutum ne mai kawaici. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganina ba hula ba, gaisuwa ma a tsugune nake yi daga bakin zaure. Shi kuma yana ganin girmana, har yakan ce wa mutane mijin 'yarsa yaro ne mai jin magana. Shi ya sa da bikin autarsa ya zo, ni ya danƙa wa kai kayan ɗaki ƙauyen ango, can wajen Kirikasamma. Da muka gama loda gado da katifa da kwalla, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ku bi ta kwalta. Ruwa bai gama janyewa a fadama ba."

Na ce, "To, Baba," kaina a ƙasa.

Muna fita gari shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Kwalta zagaye ce mai nisa, ta fadama kuwa yanke ne, ga shi da safen nan na juye kwalba har biyu a tanki. Na karya kan mota. Gwaggo Hajjo, ƙanwar Baba Malam, ita ce a gaba, sauran mata masu jere suna baya a kan kaya. Ta ce, "Ɗan nan, ba kwalta Yaya ya ce ba?" Ni kuwa bakina bai san ya yi shiru ba, na ce, "Gwaggo, ai man da ke cikin motar nan ba irin wanda kika sani ba ne. Ko kogi ne ma sai mu tsallake."

Ba mu kai ko'ina ba. Wani wuri ne da samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa kuwa kunu ne. Tayoyin baya suka nutse lumbum. Na sa giya ta ɗaya, na taka, injin ya yi ta kururuwa, motar ko gezau, sai ma ƙara zama da take yi.

Na roƙi matan su sauka su koma inuwar wata giginya can nesa. Da na ga sun ba da baya, na zagaya bayan mota na tuɓe babbar riga da wando da hula (sabuwar shadda ce ta biki, ina zan kai ta laka?), na rataye su a ƙarfen gefe, daidai saman taya. Na yi ta haƙa da hannu, na cusa ciyawa, na koma na taka totur iya ƙarfina. Da na sauko sai na tarar taya ta yi wa shaddar nan feshi, ba ka gane gabanta da bayanta. Hular ma ban gan ta ba.

Ina kwance rub da ciki ƙarƙashin mota, daga ni sai gajeren wando, na ji takun shanu, sannan na ji sallama. Wallahi muryar nan ko a mafarki na san ta. Ashe Gwaggo ta buga wa yayanta waya, ya kwanto bijimansa biyu na huɗa ya biyo mu.

Innalillahi! Na so lakar nan ta ƙarasa haɗiye ni. Na amsa sallamar daga ƙarƙashin mota, na ƙi fitowa. Shi kuma ya juya fuskarsa gabas kamar mai duba hadari, ya ɗaura igiya a gaban mota da hannunsa, ya ce da ƙanwarsa, "Hajjo, ki ce wa yaron nan ya shiga ya riƙe sitiyari. Kar ya tayar da injin."

Kar in tayar da injin. Duk oktan ɗina yana cikin tanki yana barci, Baba Malam ya ce wa shanunsa "Haa!", suka yunƙura, motar ta fito tana ɗigar da laka. Matan jere suka rangaɗa guɗa daga gindin giginya, ban sani ba ko ta biki ce ko tawa ce.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Sai kawai ya cire tasa rigar ta sama, ya miƙa wa Gwaggo ya ce ta ba ni, kar in shiga garin mutane haka. Ya kora shanunsa ya tafi cikin 'yar shara. A cikin rigar surukina na sauke gadon amarya, kowa na tambaya ta ina muka biyo.

A hanyar dawowa (ta kwalta, mana) Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "Ɗan nan, shanun Yaya fa dusa kawai suka ci da safe."

Tun daga ranar, man gidan mai nake sha kamar kowa, motar kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. In kuma dattijo ya ce mini ruwa bai janye ba, ko man jirgin sama ne a tankina, zagaye nake yi.