Ranar Hoto a Gindin Tsamiya

A wani daji da ke bayan wani tafki, dabbobi suna da al'adar ɗaukar hoto sau ɗaya a shekara, idan kaka ta yi. Mai ɗaukar hoton shi ne Damo, wanda ya tsinci kyamara da wasu mafarauta suka yar, tare da batura biyu masu caji da ɗan farantin sola. Baturan sun tsufa, ba sa riƙe wuta su kwana, sai a ranar ake shanya farantin a kan dutse tun hantsi. Ba sa cika sai la'asar.

Wannan jiran shi ne dukan bikin, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa. Kowa yakan zauna a gindin tsamiya, masu gaba da juna kowa da gefensa. Rana na ɗagawa inuwa na tsukewa, har sai an matsu kafaɗa ta taɓa kafaɗa. A nan wani zai ce, "Ɗan gusa mana," ɗayan ya gusa, ya miƙo masa tsamiya. Shi ke nan an shirya, ba wanda ya ce a yafe masa, ba wanda girmansa ya zube. Damo ya sha ganin Kura da Akuyar Daji suna hira a wannan inuwa, abin da in an ba ka labari sai ka ce ƙarya ne.

Bana kuwa Damo da kansa yake bukatar inuwar. Shi da ɗan'uwansa Guza sun saɓa a kan dutsen shan hantsi, tun damina ba sa ko gaisawa. Guza ya tsufa, ga ciwo ya kama shi, kuma Damo yana kewarsa ƙwarai. Sai dai shi ma da taurin kai, ya ƙudura ba zai fara zuwa ba. Ya bar wa tsamiya aikin.

Ana cikin haka Dila ɗan kasuwa ya kawo ƙorafi gaban majalisar daji, wadda Ɓauna ke shugabanta. Tun kafin zama ya aika wa kowane ɗan majalisa tocila kyauta, don dai su ga hanya.

"Ranka ya daɗe," in ji Dila, "zamani riga ne. Ga batir na yarwa: ka saka, ka ɗauka, in ya mutu ka jefar ka ɗauko wani. Ba ruwansa da rana, ba ruwansa da hadari. Ka ajiye shi shekara, ka tarar da shi da wutarsa. Mu dabbobi ne masu harkoki, don me za mu yini a gindin itace muna jiran gawa biyu su farfaɗo?"

Majalisa ta ɗauki sowa. Aka ba Damo dama, ya miƙe a hankali.

"Ranka ya daɗe, gaskiya Dila ya faɗa, nawa suna da nawa. Amma wannan kyamara maciyiya ce, nasa ba za su jima a cikinta ba, kuma ban san inda za mu riƙa zubar da matattun ba in ba bakin tafkin da muke sha ba. Nawa kuwa in sun gaji hutu suke so, ba kabari ba. Sauri ya haifi nawa. Sannan akwai jiran nan..."

Nan ya tsaya. Ya dubi Guza a can ƙarshen taro, ya kasa ƙarasawa, don in ya faɗi amfanin inuwar a fili ya kashe amfanin ke nan.

Ɓauna ya yi gyaran murya. "Majalisa ta ji, kuma tana yaba wa Damo bisa doguwar hidima. Amma shi da bakinsa ya ambaci jiran, ya rasa abin da zai kare shi da shi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Za a kafa kwamiti ya duba maganar tafki idan ruwan ya fara ɗaci."

Ranar hoto ta zo. Inuwar tsamiya tana nan shimfiɗe har bakin ruwa, kowa ya sami wuri a wadace, nesa da wanda ba ya so. Damo ya saka sababbin batura, kyamara ta kama nan take. Ya ja lokaci iyakar iyawarsa, ya goge gilashi, ya sake gogewa, ya ce Raƙumin Dawa ya sunkuyo. Ɓauna ya ce yana da wani zaman. Damo ya danna.

Kafin ya ɗago kai taro ya watse, ana ta yaba wa ci gaba. Ya hango Guza ya ɗan dakata a bakin tafki yana duban inuwar, kamar mai jiran ta tsuke. Ba ta tsuke ba, don rana ba ta ko kai tsaka ba. Guza ya ja jikinsa ya shige ruwa, kuma bai ga wata kakar ba.

An rataye hoton a zauren majalisa. Kowa ya yarda ba a taɓa yin wanda ya fito sarai kamarsa ba, har ana iya gane faɗin filin da ke tsakanin kowa da kowa.