Ranar da Birkin Uwargida Ya Tsare Gidan Mai

Jama'a, yau ina rubuto muku ne a matsayin tsohon direba. An sauke ni jiya, kuma ba a ba ni damar kare kaina ba.

Motar ta uwargida ce, wato matata, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ita ta saya da guminta, ni kuma nake riƙe makulli bisa sharaɗi ɗaya: ranar da na jawo wa motar wani abu, ranar zan koma tafiyar ƙafa. Motar irin ta zamani ce, ba ta da birkin hannu irin wanda muka sani, na ja da ƙarfin tsiya. Wani ɗan maɓalli ne kamar na rediyo, ka taɓa shi ta daskare, ka sake taɓawa ta saki.

Da birkin baya ya fara ƙugi, uwargida ta ce a kai wa bakanikenta. Na ce haba, mota mai kwamfuta a kai ta ƙarƙashin bishiya? Na ɗauke ta sai garejin kamfanin da ke sayar da irinta, inda ake gyara da farar riga, ana kiranka Yallaɓai, ana ba ka kujera mai laushi. Suka canja abin da suka canja, suka wanke ta tas, har da fesa mata turare. Na fito ina jin kaina.

Daga nan na shiga layin mai. Ai kun tuna Mai Girma Sarkin Alkawari ya rantse mana a talabijin cewa layin mai ya zama tarihi, kuma gaskiyarsa, don a layin nan har tsufa ake yi. Tun hantsi nake matsawa kaɗan-kaɗan, sai bayan azahar na iso bakin famfo, famfo ɗaya tilo mai aiki. Na taɓa maɓalli, aka zuba mini mai. Na sake taɓawa, sai wata jar fitila ta kama yi mini ƙifce a gaban sitiyari. Na taka totur, mota ta yi gurnani, ƙafafun baya ko gezau.

Ban san mutane sun iya zagi haka ba. Wani mai tasi ya tambaye ni ko gadon gidan man na ci. Majiya ƙarfi suka taru suka tura, har da maƙwabcina Dogo, wanda yake bayana a layin da tsohuwar akwalarsa. Dogo ya share gumi ya ce shi birkin hannunsa dutse ne, yana ajiye da shi a but, kuma bai taɓa kunna masa jar fitila ba.

Na kira kamfani. Manaja ya saurare ni cikin ladabi, ya ce da alama yaransa sun canja birkin ba su sanar da kwamfutar motar ba, shi ya sa ta yi fushi.

"Ba matsala, Yallaɓai. Kawo ta mu duba."

"Ranka ya daɗe, da tana tafiya ai da ban kira ka ba."

Ya ce to mai na'urar da ke lallashin kwamfutar ya fita duba motocin manya, amma za a zauna a kan maganata. Wallahi mutumin nan ɓata kansa yake a gareji, ofishin gwamnati ya dace da shi.

Aka ce a nemo janwen hukumar kula da hanya ya ja ta gefe. Aka neme shi, aka same shi can baya a layinmu, shi ma ba mai.

Muna cikin haka sai ga jiniya. Ayarin Mai Girma Shugaban Kwamitin Wadata Jama'a da Mai ne, sun shigo ta ƙofar fita kamar yadda suka saba, suka tarar da ni a kan famfo. Kafin in gama bayani, dakarunsa sun kama motar ta baya, sun ɗaga ta cak, sun ja ta gefe sun dire a bakin kwata. Raina ya ɓaci, amma na ƙaru da ilimi: ashe hukuma tana da ƙarfi, tana da sauri, in dai talaka ya tare mata hanya. Suka cika tankunansu har da jarkoki, mai famfo ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare.

Dogo ne ya kai labari gida. Da la'asar uwargida ta sauka daga babur, ta zagaya motarta, ta duba inda bamba ta karce, ba ta ɗaga murya ba, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Na fara jero mata laifin kamfani, da na kwamfuta, da na Mai Girma Shugaban Kwamiti. Ta miƙo tafin hannu.

"Baban yara, makulli."

Na ce motar ma ai ba ta tashi, makullin me zai yi mata? Ta ce shi ma tana so ya huta.

To, ga shi nan. Manaja yana ofishinsa, Shugaban Kwamiti yana cikin ayarinsa, Sarkin Alkawari ya sake fitowa a talabijin da sabuwar rantsuwa. A duk waɗanda ke da hannu a abin da ya faru jiya, ni kaɗai aka karɓe wa makulli. Da uwargida za ta yarda ta riƙe ƙasar nan na mako guda, da na samu abokan tafiya a ƙafa.