Yadda Za Ki Zama Likitar Magana a Kafanchan Ba Tare da Kin Taka Jami'a Ba

'Yar'uwa, ki bi matakan nan. Na yi miki alkawari kafin kaka har fasto zai kira ki Dokta.

1. Ki rasa gurbi a jami'a. Wannan ba wuya. Kujera goma sha biyu, masu nema sun fi 'yan kasuwar Kachia yawa. Ki nema sau uku, ki sha kukanki, ki wanke fuska.

2. Ki nemi farar riga. Ta mai sayar da magani ta fi, amma ta mawaƙan coci ma tana yi. Ki rataya madubin babur a wuya, mutane na ganin girman abin da ba su gane ba.

3. Ki jira majinyaci. Mama Damaris za ta kawo mijinta Baba Levi daga Kagoro, tsohon malamin makaranta da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana. Likitan gaskiya yana can birni, layinsa sai baɗi, ga bikin autarsu Rachael saura wata guda.

"Dokta, ni ba na son komai," za ta ce. "Kawai ya sa wa yarinyan nan albarka da bakinshi."

Kada tausayi ya kama ki a gabanta. Ki shiga bayan gida ki yi.

4. Ki fara aiki. Citta safe da yamma. Ki sa shi busa balan-balan, ki yi ta nanata masa "Gud monin" da "Ina kwana". Idan ya harare ki, ki rubuta "akwai ci gaba".

5. Ki zauna gaba a coci ranar biki. Amarya za ta durƙusa. Tsohon zai dafa kanta, sai magana ta ɓalle da yaren Kagoro, wanda ba ki taɓa gwadawa ba don ba kya ji. Coci zai rikice da guɗa. Ki miƙe ki ɗaga hannu, ki raɗa wa Mama, "Me ya ce?"

"Ya sa mata albarka," za ta ce tana share hawaye. "Kuma ya ce don Allah a raba shi da ke."

Gargaɗi: ni babu ruwana da abin da zai biyo baya. Washegari da sassafe uwaye bakwai za su tsaya a ƙofarki da yaran da ba su taɓa cewa "Mama" ba. Idan sun tambayi inda za su je, kada ki turo su wurina, ni ma ban sani ba.